Yadda Walenty Ya Gyara Kangon Bishop

Walenty Sroka magini ne ɗan magini, kuma a iya sanina bai taɓa wuce karkataccen bango ba tare da ya tsaya ya yi masa tsaki ba. Ni Teofil, ni na riƙe ɗansa na fari ranar da aka yi masa baftisma a cocinmu na Wronice, shi ya sa har ya koma ga Mahaliccinsa ba ma kiran juna da suna sai "kum", kamar yadda uban yaro da wanda ya riƙe masa ɗa suke yi a wajenmu. Mutane da yawa sun ba da labarinsa a mashaya, kowa da irin gishirin da yake ƙarawa. Na ga ya dace wanda ya san shi tun suna kiwon dinya tare ya zauna ya rubuta abin yadda ya faru. Ban riƙe alƙalami ba sai da furfura ta fara fito mini, a ajin manya da aka buɗe bayan yaƙi, amma tun daga ranar ba a taɓa kama rubutuna da ƙarya ba.

Gidan Walenty yana gindin tudun da kangon yake. Wani bishop na birni, cikin manyan shugabannin coci na zamanin da, shi ya kafa ginin shekaru wajen ɗari shida da suka wuce, don ya samu wurin shan iska idan zafi ya shigo, ya kuma sa ido a kan hatsin da manoma suke kai wa coci. Da ganin aikin ka san mai shi ya dogara ga Allah amma bai yarda da maƙwabta ba. Kaurin bangon ya isa a kwantar da mutum biyu, kan wannan a ƙafar wancan. Daga ƙasa duwatsun gona ne, daga sama jan bulo. An kewaye tudun da gwalalo, aka ɗora gada wadda ake ɗagewa idan baƙon bai yi wa mai gida ba. Hasumiyar da ke kusurwar gabas ta taso a zagaye, da ta kai rabi sai ta koma mai kusurwa takwas, domin wanda ya fara ta ya rasu, wanda ya gaje shi kuma ba ya ƙaunar duk abin da marigayin yake so. Tagogin ɗakin ibada dogaye ne masu tsini a sama, kamar an haɗa tafin hannu biyu. Kowane bishop da ya zo sai ya ƙara nasa: mai son ci ya faɗaɗa ɗakin girki, mai jin sanyi ya cika ɗakuna da murhu. Ana nan sai rundunar Suwidin ta shigo Poland, ta kafa igwa a arewacin tudun, ta huda bangon huji wanda keken ciyawa zai shige ba tare da ya gogi gefe ba, ta cinna wa rufin wuta. Daga nan babu bishop da ya sake kwana a ciki.

Abin da baƙi suka fara cikin gaggawa, mu muka ci gaba da shi cikin natsuwa, kaka da kakanni. Al'adarmu ce duk wanda zai kafa gida ya hau tudu ya ɗauko dutsen harsashin gini daga kangon, don akwai albarka a jikinsa. Dutse ɗaya al'ada ta ce, amma mutanenmu masu tsoron kada albarkar ta gaza ne, sai su tafi da keken doki. Ba mu taɓa kiran wannan sata ba. Cewa muke bishop ya bayar. Rabin gidajen garin, Walenty ne ya gina su da kyautar bishop, yana aiki yana kushe maginan da. Ya yarda kwaɓinsu yana da kyau, amma ya ce mutumin da zai yi taga mai tsini bai taɓa sayen gilashi da guminsa ba.

Bango ɗaya ne ba a taɓa zare ko tsakuwa daga jikinsa ba, shi ne na kudu, wanda yake kallon lambun Walenty. A jikinsa akwai kurangar inabi, gindinta ya kai kaurin cinyar ƙato, rassanta sun rufe bangon har sama da tsayin tsani. A duk yankinmu babu wata, domin sanyinmu ba ya barin inabi. Ita wannan bangon ne ya raya ta: ya tare mata iskar arewa, ya sha rana tun safe, ya riƙa mayar mata da ɗumin a hankali. Walenty ya sha yankar reshenta ya dasa a wani wuri, ko ɗaya bai ga bazara ta biyu ba. Kakansa ya kula da ita, ubansa ya kula da ita, 'ya'yansa kuwa duk sun tafi birni aikin narka ƙarfe. Ita kaɗai ce cikin abin da ya rena ta zauna inda ya same ta.

Duk kaka yakan matse 'ya'yanta ya yi ruwan inabi, kuma dole in faɗi gaskiya a kan aminina: ruwan nan yana da tsamin da ke sa haƙori ya nemi hanyar gudu. Matarsa Genowefa da shi take wanke tukwanen da suka yi tsatsa. Limamin cocinmu ya taɓa kurɓa, ya daɗe yana kallon sama, sannan ya ce a ganinsa wanda ya shanye kofi guda ya gama tuban shekara. Walenty ya ɗauki wannan a matsayin yabo, ya aika masa da kwalba biyu.

A shekarar da nake ba da labari, hukuma ta umarci ƙungiyar manoman garinmu ta zuba wa hanyar tashar jirgin ƙasa tsakuwa. Shugaban ƙungiyar shi ne Hipolit Gawron, mutum mai faɗin wuya da jakar fata wadda ba ya rabuwa da ita ko a wurin biki. Ya duba ya ga wurin fasa dutse yana da nisa, kango kuwa ga shi a kan hanci. Ran Lahadi, mutane suna fitowa daga coci, ya hau kan dakali ya sanar cewa da zarar an gama haƙar dankali za a rushe abin da ya rage a tudu. Ya ce shekara ɗaruruwa talaka yana ɗauke da bishop a ka, yanzu lokaci ya yi da bishop zai kwanta talaka ya bi ta kansa.

Walenty ya ratsa mutane ya tsaya a gabansa, ya tambaye shi ko har da bangon kudu.

"Har da shi, Baba Walenty. Shi ne ma mai auki."

"To kurangar fa? Da me za ta jingina, da jakarka?"

"Wannan tsamin naka? Ai in na raba garin nan da shi, liman da kansa zai sa mini albarka."

Aka yi dariya, har da waɗanda bai kamata su yi ba. Walenty ya sa hularsa, ya tafi gida ta bayan gari.

Malamin makaranta ne ya gaya mana cewa a birnin lardi akwai ofishi mai kula da tsofaffin gine-gine, kuma idan suka kafa wani ɗan allon ƙarfe a jikin gini, ko shugaban ƙungiya bai isa ya ɗaga masa guduma ba. Malamin yana tsoron Hipolit, saboda haka ni na rubuta takardar da hannuna, na sa mata kalmomin da suka dace da ofishi. Amsa ta zo cewa wata jami'a mai suna Kornelia za ta zo ta duba ginin da idonta kafin ƙarshen kaka, abin da ta gani shi zai yanke hukunci.

Washegari muka hau tudun ni da Walenty. Tun muna yara muke wasa a wurin, amma ranar ce muka fara kallonsa da idon baƙo. Ƙaya ta kai ƙugu. Saman bango duk giɓi kamar bakin tsohuwa. Tagogi babu ƙyaure, kashin awaki ko'ina, ga hujin mutanen Suwidin a hangame. Walenty ya cire hula ya sosa ƙeya.

"Kum, a haka za mu nuna wa baƙuwa? Mace za ta taso tun daga birni ta tarar da wannan? Ai cewa za ta yi masu abin ma ba su damu da shi ba, ita ina ruwanta."

Na ce maganarsa dutse ce. A wajenmu ko maƙwabci ne zai zo neman aure, sai an shafe gida da farar ƙasa an ɗiga mata bula kafin ya taka ƙofa. Ana yi kafin Ista, ana yi idan za a fitar da gawa. Nuna wa baƙo bango tsirara daidai yake da tarbarsa da rigar barci. Har yau da nake rubutun nan ban ga inda wannan tunani ya karkace ba, kuma a duk garin babu wanda ya ga karkatarsa, har liman.

Sai Walenty ya kira gayya. Ƙa'idar gayya a wajenmu sananniya ce: ba a biyan kowa, mai gayya ya ciyar ya shayar, wanda aka kira kuma ba ya ƙi sai in yana kwance. Genowefa ta dafa kabeji da tsiran alade a tukunyar wanki, amma ta kafa sharaɗi cewa abin sha daga kanti za a sayo. Ta ce masa, "Tsoho, in mutane suka ji naka za a sha, kai da kum ɗinka kaɗai za ku yi gayyar." Ya ji zafin maganar, amma ya sayo.

Da aka rasa duwatsun cike giɓi, Walenty ya bi gida gida yana cewa bishop ya daɗe yana bayarwa, yanzu a ranta masa. Abin da ya fito daga gidajen Wronice a makon nan ya ba ni mamaki. Wani ya ciro dokin ƙofarsa, aka juya shi aka ga rubutun coci a ƙasa. Wani ya kawo kwamin da aladunsa suke sha, ashe kwanon dutse ne na ruwan tsarki daga ɗakin ibada. Wata tsohuwa gwauruwa, Apolonia, ta rungumo dutsen da take danne kabeji da shi a ganga idan za ta tsima na hunturu. Da aka wanke shi sai ga kan mala'ika da kumatu da gashi nannaɗe, yana warin kabejin shekara da shekaru. Ta ce aro ta bayar, lokacin tsimi na zuwa za ta karɓi abinta.

Ban taɓa ganin Walenty cikin farin ciki irin na kwanakin nan ba. Duk rayuwarsa yana gina ɗakunan aladu da rumbuna, yau ga shi yana gyara wa maginan bishop kuskurensu. Ya toshe hujin arewa da siminti mai kyau, wanda ya ɓoye tun shekarun baya don kabarinsa. Kan mala'ikan ya shiga cikin toshin, fuska tana ciki, domin hancin ya fito ya hana igiyar awo sauka daidai. Ya daidaita saman bango ya zama kamar an ja layi. Tagogi masu tsini ya cike tsininsu da bulo suka koma masu kusurwa huɗu, don su karɓi firam ɗin da kafinta yake da su. Wasu guntayen duwatsu da suka fito daga bango, ragowar bakan da ya riƙe rufin ɗakin ibada, ya sa aka sare su, ya ce kada baƙuwa ta buga kai. Aka ɗora katako aka shimfiɗa takardar kwalta. Mata suka bi da tsintsiya da bokitin farar ƙasa, ciki da waje, hasumiya ma aka shafe ta iya inda tsani ya kai. Bangon kudu kaɗai ya hana kowa taɓawa. Shi ya shafe shi da kansa, yana ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya.

Da muka sauko muka waiwaya, sai ga gini fari fat a kan tudu yana ɗaukar ido. Wasu mata suka share hawaye. Hipolit yana can wani taro a birni, bai ga komai ba.

Kornelia ta iso da jirgin safe. 'Yar ƙaramar mace ce da takalman maza, ta rataya na'urar ɗaukar hoto, a hannunta akwai wani tsohon zane na kangon. Muka tarbe ta da burodi da gishiri a kan farin ƙyalle, kamar yadda ake tarbar manya. Walenty ya sa kwat ɗin aurensa, wadda ta daina haɗuwa a ciki tun kafin yaƙi. Ta gaishe mu da ladabi, ta ce ta ƙagu ta ga wurin, domin tun tana ɗaliba take karanta labarinsa.

Muka hau tare. Ta wuce ginin ba ta ko dube shi ba, ta zagaya baya, ta leƙa gangare, ta dawo tana duba zanenta. Ta jingina da bango don ta huta, sannan ta tambaya ko kangon yana wani tudun ne, wannan kuwa wurin tara madara ne na ƙungiya.

Walenty ya gyara kwat ya ce, "Ranki ya daɗe, ai da shi kika jingina."

Ta janye jikinta a hankali. Farar ƙasa ta kama mata kafaɗa. Ta ɗaga kai ta ga hasumiya, fara daga ƙasa, ja daga sama, mai kusurwa takwas, sai ta nemi wuri ta zauna a kan bokitin da aka kife. Mu kuwa muka ɗauka daɗi ne ya zaunar da ita. Can ta tambayi tagogin. Walenty ya bayyana mata yadda ya yi da su. Ta tambayi ragowar bakan rufi, ya nuna mata inda aka tara su a gwalalo. Sannan da ƙaramar murya ta tambayi hujin igwa.

"Mun toshe shi, ranki ya daɗe. Iska yake shigowa da ita."

"Baba, hujin nan na zo gani. Shi ne shaidar yaƙin. A duk lardin nan babu irinsa."

"Rami kika zo gani?" Walenty ya dube ni, ya sake dubanta. "'Yata, da kin faɗa a takarda. Ai muna da su birjik a hanyar tasha, kin ma biyo ta kansu."

Ba ta yi faɗa ba, dole in ba ta wannan. Ta yi mana bayani a hankali cewa ofishinsu yana kare abin da hannun mutanen da ya bari ne, yadda zamani ya bar shi, da giɓinsa da tsagarsa. Abin da ke gabanta kuwa aikin bana ne. Ta tambaya ko za a iya cire abin da aka ƙara. Nan ne ran Walenty ya ɓaci fiye da ranar da aka yi masa dariya a ƙofar coci. Ya ce shekara hamsin yana gini, ba a taɓa cire aikinsa ba, kuma wanda ya iya ga fili ga mai doki. Ta fito da 'yar wuƙa ta kankari toshin arewa. Wuƙar ce ta ji jiki.

Ta ci abincin Genowefa, ta yaba. Walenty ya kawo mata kofin ruwan inabinsa, ta shanye don kunya, idanunta suka kawo ruwa, har yau ana gardama a garin ko ginin take wa kuka ko kofin. Da za ta tafi ta riƙe hannunsa ta ce ba za ta iya kafa allon ba, kuma ta yi baƙin ciki. Ya tambaye ta kurangar fa, ai ita tsohuwa ce, bai taɓa ta da siminti ba. Ta ce itatuwa ba a hannun ofishinsu suke ba.

Kwanakin da suka biyo baya Walenty bai fita ko coci ba. Na same shi zaune a gindin kurangar, ya yanki rassa ya jera a cikin tukwane, alhali ya fi kowa sanin ba za su kama ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne Genowefa ta daina yi masa gori. Ta kawo masa miya ta ajiye ta koma ba ta ce uffan ba. Tun da na san gidan ban taɓa jin shirunsa ba sai a lokacin.

Aka gama haƙar dankali, Hipolit ya dawo, ya hau tudu da babbar mota da ƙarti masu guduma. Rabin gari ya bi su a baya. Da ya sauko daga motar ya ga ginin, sai ya tsaya da jakarsa a hammata. Ya tura ƙofa ya shiga. Ya buga ƙafa a daɓe, ya shafa bango ya ji a bushe, ya ɗaga kai ya ga ko ɗigon haske ba ya ratsa rufin. Ya shaƙi iskar ciki, mai sanyi amma ba mai daskarewa ba. A shekarar nan dankali ya yi albarkar da ba a taɓa gani ba, ƙungiya kuma ba ta da wurin zuba shi, yana can a ramuka ya fara ruɓewa, kuma an riga an fara tambayar Hipolit daga sama.

Ya fito ya gyara murya. Ya ce umarnin da ke hannunsa na rushe kango ne, shi kuwa bai ga kango a nan ba. Abin da ya gani gini ne mai rufi, wanda jama'a suka tayar da ƙarfinsu, kuma mutumin da zai rushe irin wannan alhali dankalin jama'a yana ruɓewa, sai ya shirya amsa tambayoyi. Daga yau wannan ma'ajiyar ƙungiya ce. Tsakuwar hanya a nemo ta inda aka saba. Ya ƙara da cewa dama tun farko abin da yake da shi a zuciya ke nan.

Na dubi Walenty na ga jini ya dawo masa fuska. Amma Hipolit bai gama ba. Ya ce ƙofar da ke akwai ta mutum ce, shi kuwa yana son wadda mota za ta shiga da baya. Tun da hanya daga kudu ta hauro, a bangon kudu za a fasa. Ya nuna da yatsa daidai inda gindin kurangar yake.

Walenty ya matso, ya yi magana da muryar da ban san shi da ita ba, mai taushi kamar ta mai neman aure. Ya ce kudu rana take bugu, dankali kuwa in ya ji ɗumi tsiro yake yi. A fasa ta arewa. Hipolit ya ce arewa babu hanya, ga gwalalo, ga bango mai kaurin da sai an shekara ana sara.

"Akwai wurin da bai kai haka ba," in ji Walenty. "Inda na toshe. Ni zan fasa, ni zan cike gwalalon, in zagayo maka da hanya. Ba sai ƙungiya ta ba da ko ƙusa ba."

"Kai da wa, Baba? Ka ga dai hannunka rawa yake."

"Ni da kum ɗina."

Ban tuna an shawarce ni ba, amma wanda ya riƙe maka ɗa ba a shawartarsa, sanar da shi ake yi. Hipolit ya ce ya yarda, da sharaɗin mota ta shiga kafin ƙanƙara ta sauka. In ƙanƙara ta riga mu, zai turo ƙartinsa su fasa kudu.

Ba a kiran gayya sau biyu a shekara ɗaya, wannan kowa ya sani. Saboda haka mu biyu ne, tsofaffi, da kurfi da guduma, Genowefa kuma tana tura baro tana zuba ɓaraguzai a gwalalo. Abin da igwar Suwidin ta yi kafin a gama karin kumallo, mu ya ci mana makonni, domin su bangon bishop suka fasa, mu kuwa na Walenty. Duk lokacin da kurfi ya yi tsalle ya bar ɗan farin tabo kawai, sai ya tsaya yana haki ya ce, "Ka ga aiki ko, kum? Ka ga siminti?" Ni kuwa in ce na gani, kafaɗata ma ta gani. Genowefa ta dawo da bakinta gaba ɗaya. Ta ce ita ba ta taɓa jin mutumin da ya kashe simintin kabarinsa ya gina bango, ya dawo yana neman kashe kansa wajen rushe shi ba, ko a ina za a binne shi oho. Jin muryarta ya fi mana abin sha ƙarfafa jiki.

Apolonia ma kullum tana wurin, zaune a kan dutse da gyalenta, domin lokacin tsimi ya yi kuma kabejinta yana jira. Ranar da muka kai ga mala'ikan ta hana mu sa guduma, ta sa muka ƙwaƙule shi da cokali. Ya fito da siminti a ido ɗaya. Ta duba shi ta ce ya ma fi nauyi yanzu, ta rungume shi ta sauka.

Gari ya fara wayewa da farar raɓa a kan ciyawa, ruwan bokiti yana yin ɓawo. Wasu maƙwabta suka riƙa biyowa ta tudun, wai hanya ce ta kawo su, kowa ya tura baro biyu uku ya wuce ba tare da an kira abin gayya ba. Walenty ya ƙi barin hujin yadda baƙi suka yi shi. Ya daidaita gefensa, ya ɗora masa ƙarfe a sama, ya ce in dai zai buɗe rami da hannunsa, to rami ne mai mutunci.

Daga baya ƙungiya ta ba shi riƙon mabuɗin ma'ajiyar, ya riƙe har ƙarshen ransa, kuma a zamaninsa ba a taɓa samun ruɓaɓɓen buhu ba. Amma ranar da na fi tunawa ita ce wadda motar farko ta hau. Sama ta yi nauyi, ƙanƙara ta fara saukowa tsilli-tsilli kamar gari daga rariya. Motar ta bi sabuwar hanya tana nishi, ta juya, ta shiga da baya, ba ta gogi ko gefe ɗaya ba. Hipolit ya buɗe jaka zai yi jawabi, aka nemi Walenty aka rasa.

Na zagaya kudu na same shi durƙushe da damin ciyawa, yana naɗe gindin kurangar kada sanyi ya kama ta. Yatsunsa sun kumbura saboda guduma, igiya tana zame masa. Genowefa ta tsaya a kansa da hannu a ƙugu tana kallo, har ya gwada ya kasa, ya sake gwadawa. Sai ta ture shi da gwiwa ta durƙusa.

"Matsa, tsoho. Kawo igiyar."

"Kada ki matse ta da yawa, Genowefa. Tana son ta yi numfashi."

"Na ɗaure 'ya'yanka biyar a zani, babu wanda ya shaƙe. Riƙe nan ka yi mini shiru."

Ya riƙe. Ni kuma na koma na ɗebo sauran ciyawar.